Azumin da Na Rubuta Tuwon Kawu Tanko

Kwana huɗu ke nan ana ruwa a Duwala, irin ruwan nan namu da ba ya zuwa da iska ko tsawa, zuba kawai yake yi kamar wanda aka biya. Ga shi ƙarshen wata ya zo. Yau da safe na isa ofis da takalmina a hannu, na zauna gaban kwamfuta na danna abin da zan danna, kafin shayina ya huce albashin ma'aikatanmu duka ya fito a jere, kowa da takardarsa. Idona ya faɗa kan takardar masu gadinmu, wurin da aka rubuta abinci da wurin kwana, sai na ji tsohon haushin nan ya taso mini. Kusan shekara ashirin ke nan, amma duk sanda damina ta haɗu da ƙarshen wata sai na tuna azumin da layi biyu a takarda suka cinye mini shekara guda.

A unguwar New Bell aka haife ni, a nan aka haifi Baba ma. Kakanmu ne ya gangaro daga arewa da fataucin goro, ya zauna bai koma ba. Baba tela ne, shagonsa na manne da zauren gidanmu, keke uku a ciki. A lokacin na shekara biyu da gama sakandare, ina zaune a gida ina taya Inna suyar ƙosai. Sai wata tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda ke lissafin albashi a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ta ce za ta bi mijinta Yawunde bayan Sallah. In na kawo takardar shaidar iya lissafin albashi kafin ta tafi, za ta miƙa sunana a gurbinta. In ban kawo ba, akwai masu jira. Inna ta kwashi adashinta gaba ɗaya ta biya mini karatun wata uku a wata ƙaramar makaranta a unguwar Bepanda. Watan ƙarshe na karatun ya faɗo cikin azumi, azumin kuma ya faɗo cikin ruwa.

Wanda bai taɓa azumin damina a Duwala ba zai ɗauka hutu ne, tunda ba rana. To ya zo ya gwada. Zafin garin nan daga jikin mutum yake fitowa, ya tsaya a fata ya ƙi bushewa. Gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, gawayi ya jiƙe sai hayaƙi, wanki ya kwana uku a igiya ya fara warin funfuna. Ruwa a kan rufi, ruwa a kwata, ruwa a tsakar gida har idon sawu, kai kuma maƙogwaronka a bushe kana kallonsa. A shekarar kuma motocin arewa sun yi ta maƙalewa a laka, saboda haka wake da gero da albasa suka zama abin lallaɓawa. Inna ta koma dama kunu da masara, ƙosan buɗa-baki ya koma ƙirge, bibbiyu kowa. Tuwon dare ne kawai ta ƙi ragewa, ta ce maza masu aikin Sallah ba za su taka keke da ruwan kunu ba.

Kullum bayan sallar asuba maza su buɗe shago, ni da Inna mu ɗauki bokiti mu kwashe ruwan da ya kwana a tsakar gida. Mu jiƙa wake, mu shanya gawayi a gefen murhu, sannan in samu wuri busasshe in buɗe littafi. Bayan azahar in rufe littafin a leda biyu, in taka katakon da aka jera a lungunmu har bakin titi, in hau benskin, wato babur ɗin haya. Laimar da suke ɗaurawa a kai direban kawai take karewa, na baya shi da Allah. Ana tashi daga aji gab da magariba, don haka sau da yawa a kan babur nake shan ruwa, dabino biyu daga jaka, ga hayaƙin motoci ga laka tana fantsama.

Malamarmu Madam Ekwala, doguwar mace ce mai tabarau a igiya da jan alƙalami a aljihun gaba. Ba ta da mugunta, amma a wurinta kuskuren sefa ɗaya daidai yake da kuskuren miliyan. Ita ta koya mana cewa takardar albashi, wadda kowa a nan ke kira bulatin, daga sama ake gina ta. A fara da albashin tushe. A ƙara awoyin da mutum ya yi bayan lokacin tashi, da kuɗin mota, da duk wani ƙari. Jimillar ita ce burut. Daga nan sai a fara yanka: haraji, kuɗin fansho, da abin da ya riga ya karɓa a tsakiyar wata. Abin da ya tsira shi ne net, shi ke shiga aljihu. Ta hana mu taɓa kalkuleta sai mun yi da hannu sau biyu. Ka yi tunanin raba albashi gida talatin da ƙarfe biyar na yamma, cikinka na kuka, ga mai gasa kifi da ayaba a ƙarƙashin tagar ajin tana fifita wuta. Na sha ganin lambobi suna rawa a takarda. Duk da haka na iya abin, har ma ni ce ta biyu a aji, kuma na san na iya.

Jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, akwai kuma aikin gani-da-ido: kowa ya nemo ma'aikaci na gaske mai albashin wata, ya yi masa bulatin na wata guda, ma'aikacin ya sa hannu, sannan a zo a kare aikin gaban Madam. Wanda ya faɗi wannan kashin ya faɗi duka, sai wata shekara. 'Yan ajinmu suka bazama wurin 'yan uwansu a ofisoshi. Ni ba ni da kowa a ofis, amma ina da shagon Baba. Hamadu, telan da ke keke na biyu, bisa ga yawan rigunan da ya ɗinka ake biyansa, saboda haka bai shiga ba. Saura Kawu Tanko.

Kawu Tanko ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kano, ya zo Duwala neman kuɗi ina 'yar shekara tara, Baba ya gan shi a masallaci ya kawo shi gida. Shi ke yin aikin wuyan riga, na keke da na hannu, kuma a duk unguwar babu mai hannunsa. A zaurenmu yake kwana, daga tukunyar Inna yake ci. Duk wata Baba yana ba shi wani abu. Ranar da muke ba Madam sunayen ma'aikatanmu, bakina ya ja mini. Na ɗaga hannu na ce nawa ma'aikacin har abinci da wurin kwana mai aikin ke ba shi. Madam ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ai nawa ya fi na kowa kyau, domin a nan ake gane wanda ya iya. Ta rubuta a littafinta. Na dawo gida ranar ina jin kaina, ko ruwan da ya dake ni ban ji ba.

Wahalar ta fara ne daga Baba. Na same shi yana yanka shadda, na durƙusa da littafina na tambaye shi ranar da watan albashin Kawu ke farawa. Ya ce ranar da aka ga wata. Na ce wane wata. Ya ce wata nawa ne a sama. Na ce Baba, a Duwala da damina wa ke ganin wata, ya ce shi ya sa Allah ya yi rediyo. Na tambayi awoyin aiki, ya ce daga an buɗe shago zuwa an rufe, ban da salla, ban da in an ɗauke wuta, ban da in Malam Tanko ya ga dama ya fita. Na tambayi nawa ne albashin, nan ya ajiye almakashi ya dube ni kamar na tambaye shi sirrin ɗakinsa. Ashe a shekara goma sha ɗaya ba su taɓa faɗin adadin da baki ba. Baba ya naɗe kuɗin a ƙyallen shadda ya ajiye a aljihun keken Kawu, Kawu ya ɗauke in ba kowa, washegari ƙyallen ya dawo a ninke. Sai da Inna ta sa baki, ta tuna masa adashinta, sannan ya raɗa mini adadin yana waige-waige.

Kwana biyar na yi ina juya watan sama zuwa watan Madam, wanda kwana talatin ne ko da me ya faru. Na zauna a bakin ƙofar shago da agogo ina ƙirga awoyin Kawu, shi kuma yana ta tsokanata, wai Madam Bulatin ta zo gadi. Daga ƙarshe na zo kan layukan nan biyu. Ƙa'idar ita ce, in mai aiki yana ciyar da ma'aikaci ko ya ba shi ɗaki, to wannan ma albashi ne, sai an kimanta shi da kuɗi. Littafi ya faɗi kason da za a sa. A ƙara shi a sama don haraji ya hau kansa, sannan a cire shi a ƙasa tunda mutum ya riga ya ci ya kwana. Ko sisi ba ya barin aljihun kowa saboda abincin kansa. Na rubuta da kyakkyawan rubutuna, na ja layi da rula, na duba sau uku. Wallahi har yau ban taɓa yin bulatin da ya fi wannan tsafta ba.

Ranar sha shida ga azumi na kai wa Kawu takardar da hantsi. An ɗauke wuta, shi da Hamadu suna zaune kusa da ƙofa suna aikin hannu, Baba ya fita sayen zare. Kawu ya karɓa da dariya, ya juya takardar sama da ƙasa. Shi ajami yake karantawa, Faransanci kuwa sai na ciniki. Ya miƙa wa Hamadu ya ce ya karanta masa kafin ya sa hannu, kada 'yar Alhaji ta sayar da shi.

Hamadu mutum ne mai son a ji muryarsa. Ya gyara zama, ya riƙa karanta layi yana fassarawa, har da ɗaga yatsa. Da ya zo wurin ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Malam, ga abinci an sa kuɗinsa. Ga kuma kuɗin kwana a zaure. A ƙasa kuma an cire su duka biyu."

Kawu ya ce, "Sake karanta mini."

Ya sake. Na fara bayani da sauri, cewa sakawa ake yi a cire, lissafi ne kawai na haraji, babu abin da ya ragu. Kawu bai katse ni ba. Ya bari na gama, ya karɓi takardar ya ninke ta biyu, ya miƙo mini da hannu biyu kamar yadda ake miƙa wa babba abu. Ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da aiki.

Da magariba na kai kwanonsa zaure kamar kullum, kunu da ƙosai biyu, bayan isha kuma tuwo da miyar kuka. Da na je ɗauko kwanuka na tarar da su yadda na ajiye, ko murfin ba a ɗaga ba. Na sahur ma haka ya dawo. Inna ta ɗauka zazzaɓi ne, ta dafa masa ganye. Shi ma ya dawo. A rana ta biyu Hamadu ya ba mu labari cewa Malam a masallaci yake shan ruwa, da burodi da ruwan famfo. A rana ta uku ya naɗe tabarmarsa ya koma kwana a barandar masallacin, inda feshin ruwa ke shigowa ta gefe, sauro kuma ba a magana. Amma ko minti ɗaya bai rage a aiki ba. Shi ke fara zuwa, ya gaida Baba da ladabi, ya zauna kan rigunan Sallar mutane har la'asar. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Da ya yi faɗa, da na san inda zan kama.

Hamadu ya kai wa Inna sauran labarin, aka taru a kaina. Inna ta sa na karanta mata adadin da na sa wa abincin wata guda. Da ta ji, ta ajiye muciya. Ita abin da ya ƙona mata rai daban ne: wai tuwonta da miyarta, da busasshen kifi da man shanun da take ɓoyewa don azumi, shi ne na yi wa kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Na ce ba ni na yanka ba, littafi ne. Ta ce littafin ya taɓa ɗanɗana miyarta? Na sake bayanin sakawa da cirewa. Ta ce, "To in za a saka a cire, wahalar me kike ba kanki da mu?" Da ma ga yunwa, sai na fashe da kuka don takaici.

Baba bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi. Ya kira ni bayan la'asar, yana zare bakin wata riga bai dube ni ba.

"Habiba, shekara goma sha ɗaya ban taɓa ƙirga lomar bawan Allahn nan ba. Yau an ƙirga ta a gidana, da rubutun 'yata. Me zai ɗauka? Zai ce ni na sa ki."

Na ce, "Baba, jarrabawa ce. Saura kwana biyar in kai."

"Na sani. Ni ma ina so ki ci. Amma ba zan ce masa ya sa hannu ba, kuma ba zan iya haɗiye tuwo yana cin burodi ba. Ki je ki gyara abin da kika ɓata."

Na lura daga ranar Baba ma rabin kwanonsa yake dawowa. Gida ya yi tsit. Inna na tuƙa tuwon mutum biyar, kusan na mutum biyu na dawowa, a irin tsadar nan, kuma da damina abinci ba ya kwana. Ni kuwa ina ta lissafi a raina: adashin Inna, wata uku na laka da benskin, gurbin da ke jirana a kamfani, duk za su tafi saboda wani babban mutum ya yi fushi da tuwo. Na ji haushin Kawu, na ji haushin Hamadu da bakinsa, na ji haushin Madam da littafinta, na fi jin haushin hannuna da ya ɗagu a aji.

Saura kwana biyu na sami Kawu shi kaɗai a shago, ana tsuga ruwa har sai an ɗaga murya. Ya rame, idanunsa sun faɗa, ga tari ya fara kama shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Kawu don Allah ka saurare ni sau ɗaya. Na zana masa a bayan kwali, ga sama ga ƙasa, ga abin da ya shiga ga abin da ya fita. Na ce har kyau takardar take yi masa, domin ta nuna awoyin da yake yi sun fi abin da ake ba shi.

Ya ce, "Na gane lissafinki tun ranar farko, 'yata. Ba ki ci mini ko sisi ba."

"To mene ne, Kawu?"

Ya soke allurar a wuyan rigar, ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo. "Ranar da na sauka a garin nan ban san kowa ba. Mahaifinki bai tambaye ni nawa nake ci ba, cewa ya yi in wanke hannu. Tun ranar nake cin abincin gidan nan a matsayin ɗan gida. In kuwa albashi ne, to ni ma'aikaci ne. Ma'aikaci kuwa ranar da idonsa ya daina ganin ramin allura, sallamarsa ake yi."

Na ce babu mai sallamarsa. Ya ce ya sani, amma takardar ba ta sani ba. Ya ce in ina so ya sa hannu a kan kuɗin da ke cikin ƙyalle, zai sa, wannan haƙƙin aikinsa ne. Tuwon Hajiya da zauren Alhaji kuwa, ko za a yanka shi ba zai sa hannu a kan cewa biyansa aka yi da su ba.

Na fito ina huci. Na zauna a ɗaki da takarda sabuwa, na san sarai abin da zai faru in na cire layukan, tunda Madam ta rubuta a littafinta. Na yi tunanin in sa hannun da kaina, wa zai gane ajami a Bepanda? Har na gwada a gefen littafi. Sai na jiyo tarinsa daga shago ta bango, na jiyo Inna tana kankare tukunya tana magana ita kaɗai. Na yi tsaki, na ja rula, na sake bulatin ɗin babu abinci babu wurin kwana. Ba don na yarda da shi ba ne, har ga Allah. Gajiya na yi da ganin kwano yana dawowa.

Hamadu ya sake karantawa, wannan karon ba ɗaga yatsa. Kawu ya karɓi alƙalami ya rubuta sunansa daga dama zuwa hagu, a hankali. Da magariba na kai kwano zaure na tarar tabarmarsa ta dawo wurinta. Inna ta sa masa ƙosai huɗu, biyu daga ciki nawa ne.

Madam Ekwala ba ta ɗauki minti uku ba. Ta bi layukan da jan alƙalaminta, ta kai ƙasa, ta koma sama, ta buɗe littafinta. Ta tambaye ni ko mutumin ya daina ci a gidan. Ina azumi, kuma ko ba azumi ƙaryar ba za ta yi amfani ba. Na ce yana ci. Ta ce to ina layin? Na ce ya ce shi ba albashi ba ne. Ta cire tabarau ta ce, da Faransancinta mai sanyi, ma'aikaci ba shi ke faɗin abin da yake albashi ba, doka ke faɗa, kuma mai lissafin da ke goge layi don wani ya ɓata rai bai isa a ba shi albashin mutane ba. Abin da ya fi ciwo shi ne gaskiya ta faɗa. Ta ja jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta ce rubutacciyar jarrabawata ta yi kyau ƙwarai, in dawo baɗi.

Aka yi Sallah, rigunan mutane duk suka fita a kan lokaci, kowa na yaba aikin wuyan. Maƙwabciyarmu ta tafi Yawunde, wani yaro daga ajinmu wanda na sha koya wa raba albashi gida talatin ya samu gurbin. Na koma bakin kaskon ƙosai shekara guda cur. Inna ba ta taɓa ambatar adashinta ba, ta dai shiga wani. Da shekara ta zagayo na nemi wani mai shagon kayan gini a Bepanda, wanda ban san shi ba bai san ni ba, na yi wa ma'aikacinsa bulatin da abincin rana a ciki. Mutumin ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Na ci jarrabawar, na samu aiki a wani wurin bayan wata bakwai.

Yanzu Baba ya rasu, Inna ta bi shi bayan shekara uku. Shagon ya zama wurin cajin waya na haya. Hamadu yana can unguwar PK 14 wurin ɗansa, ba fansho ba komai, kuma duk sanda na tuna shi sai in ce da an yi musu takarda tun farko da ba haka ba. Kawu Tanko idonsa ya tafi kamar yadda ya faɗa. Yana nan a zauren, ƙanena da iyalinsa na cikin gidan, ba wanda ya taɓa tunanin ya ce masa ya matsa. Ni na yi aure lungu biyu daga gidan, kuma tun rasuwar Inna kwanon darensa ya dawo kaina. Na sha yi masa ƙorafi cewa da ya bari an sa shi a takarda, da yanzu yana karɓar fansho duk wata. Sai ya yi murmushi ya ce in gaishe da fanshon.

Kullum in na ajiye kwanon sai ya lalubi murfin ya ce, "Madam Bulatin, kin rubuta?" Shekaru na ɗauka tsokana ce irin tasa. Wata rana na dawo a gajiye, ofis ya ɓata mini rai, na ce masa e, na rubuta, har da kuɗin gishiri. Ya janye hannunsa daga murfin ya ɗora a gwiwa. Sai da na durƙusa na rantse masa wasa nake yi sannan ya ci, kuma ranar bai cinye ba.

Ɗazu bayan na taso daga ofis na tuƙa tuwo, na rufe kwanon da leda, na taka katakon lungu da takalmi a hannu, ruwa na bin bayan wuyana. Ina tafe ina mita, ni da na yi wa mutum sama da sittin albashi kafin shayi ya huce, ga ni cikin kwata saboda tsoho ɗaya mai taurin kai. Na same shi zaune a kan tabarma, ya ɗage ƙafafunsa daga inda ruwa ke shigowa. Na ajiye kwanon. Ya lalubo murfin, ya tsaya, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Kin rubuta?"

"Ban rubuta ba, Kawu."

Sai da ya ji haka ya ɗaga murfin ya yi bisimilla.